Mun Bar Jaki Muna Dukan Taiki

In kana son ka san halin mutumin garinmu Riko, kada ka dube shi a masallaci ko wajen ɗaurin aure, can kowa mutumin kirki ne. Dube shi da sassafe, sa'ad da ya murɗa makulli mota ta ce "ƙyat, ƙyat" ta yi shiru. Ba ya buɗe bonet, ba ya shawara da kowa. Tun kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya gama shari'a ya yanke hukunci: "Batir ne." Sai ya leƙo ta taga ya ƙwala wa almajirai kira su zo su tura.

Turin mota a wurinmu ba ya cikin lissafin lalacewa, wani ɓangare ne na tuƙi, kamar taka birki. Yaro ɗan shekara goma a nan ya san a giya ta biyu ake sa ta, ya kuma san daidai inda zai yi ihu, "Oga, saki kuloci!" Akwai direbobin da ko salla za su tsaya yi sai sun nemi ɗan gangaren bakin kwalta sun juya hancin motar ƙasa. A shingayen da ke tsakanin Katsina da Jibiya kuwa, sai ka ga direba ya fita, ya je ya yi gaisuwa ya dawo, inji na ta ruri, a wannan tsadar man da muka shiga tun 2023. Baƙo zai ɗauka sauri yake yi. Mu mun san dalili. In ya kashe ta, fasinjoji ne za su sauka su tura, har da hajiyar da ta biya kuɗin kujerar gaba don kada a matse ta.

Abin da ya tado zancen maƙwabcina ne, direban Golf, irin mai dogon bayan nan da ake lafta wa buhuna har but ya ƙi rufuwa sai da igiya. Tsakanin kaka da bazarar bana batir uku ya saya. Na farko ya ce tsufa ne. Na biyu ya ce jabu aka ba shi, ya koma ya yi wa mai shago tas. Da na uku ya kwanta, sai ya kawo ƙara majalisarmu ta gindin darbejiya, wajen mai shayi, inda babu matsalar duniya da ba a kashe ta kafin burodi ya ƙare.

"Batiran yanzu duk holoƙo ne," in ji wani dattijo da ya yi zamaninsa a kan Fijo 504, tun ana haɗa ta a Kaduna. "Da can batir ɗaya sai ya yaye maka yaro biyu."

"Baba, mi ya haɗa batir da wannan? Baki ne," in ji mai shayi, yana ɗaga kofi sama yana sheƙo ruwan. "Tun ran da ya yi mata sabon fenti kowa sai ya ce kai, mota ta yi kyau, ba mai cewa tubarkalla."

Wani ya ce a ƙara ruwan batir. Wani ya ce a jefa ƙwayar ciwon kai biyu a kowane rami, wai tana farfaɗo da shi. Wani ya rantse cewa siminti ne ke shanye wutar, a riƙa ɗora shi kan katako da dare. Ni kuma da rabon wahala na ce to ga nawa, ya ara ya je ya dawo, kada ya rasa kasuwa. Ranar Lahadi ce, kasuwar Jibiya na ci.

Batirina ya kai shi Jibiya lafiya, ya kai shi Magama ya sauke mutanen Ɗan Isa da na Maraɗi. A hanyar dawowa da magariba fitila ta fara ja kamar aci-balbal, hon ya koma kukan ɗan akuya mai mura, rediyo ya ɗauke, daga nan mota ta mutu tana cikin tafiya. Batir na huɗu ke nan. Washegari majalisa ta yi tsit, domin nawa kowa ya san shi, bai taɓa kunyata ni ba.

Duk surutun nan da muka yi, babu wanda ya ambaci altaneta, wadda wasu ke kira caja. Tana can a gefen inji ta lulluɓe da ƙura da baƙin mai, fanbel na juya ta, ba wanda ke gaishe ta. Alhali batir randa ce kawai. Aikinsa ya ajiye wuta, ya ba kik ta tada inji, shi ke nan. Da zarar inji ya tashi, altaneta ce 'yar garuwar da ke ɗebo ruwan: ita ke ciyar da fitilu da fulogi da famfon mai da rediyo, ta kuma mayar wa randa abin da aka kamfata. In 'yar garuwa ta daina zuwa, kowa na gidan sai ya koma kan randa, har a ga ƙasanta. Mu kuma sai mu ɗauki randar mu fasa, mu sayo sabuwa cike da ruwa, mu yi kwana biyu muna yabon ta, ta sake ƙafewa, mu ce randunan yanzu ba su da albarka.

A jikin altanetar akwai wani ɗan abu da bai wuce kwalin ashana ba, shi ne mai cewa "ya isa haka." Masu rewaya na yanzu suna kiran sa ai-si, dattawa kuma har gobe katawut suke cewa. Sunan ya samo asali tun zamanin da motoci ke amfani da dainamo, lokacin da wani ɗan akwati ne daban a jikin bodi ke haɗa caji yana yanke shi. A 1960 kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da motarsa Valiant da altaneta a jiki tun daga masana'anta, sannu a hankali dainamo ta kau, amma sunan katawut ya ƙi tafiya. Haka muke, ko gida ya rushe ba ma sake wa unguwa suna.

Ba wai ba mu da hanyoyin gwaji ba ne. Muna da su, har da na gado. Mafi shahara shi ne a cire kan batir inji na aiki. In mota ta ci gaba da ruri, a ce caja lafiya lau, in ta mutu a ce ta mutu da ita. Kowa ya iya wannan, har mai faci. A tsofaffin motoci an sha yin sa an kwana lafiya. Amma batir shi ke shanye tsallen da wuta ke yi, in ka zare shi sai wutar ta yi sama ba linzami, ta dira kan abin da ta samu. Motar da ke da ƙwaƙwalwa, wadda makanikai ke kira birenbos, irin su Golf ɗin nan da Sharon da Fijo 406, tana iya rasa ƙwaƙwalwar a wannan ɗan gwajin. Ka je neman ciwon da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ka dawo da wanda sai an sayar da tunkiya.

Akwai kuma gwajin sukundireba: a kanga ta a bayan altaneta, in maganaɗisu ya ja ta, a ce tana aiki. Wannan ba ya cutar da komai, amma rabin labari yake bayarwa. Ya gaya maka wuta na shiga ciki, bai gaya maka nawa ke fitowa ba. Sai gwajin dare, a haska bango da fitila a taka totur, in haske ya ƙaru a yi murmushi. Sai na ƙarshe, wanda na fi tsana, a ɗauki waya a ƙyasta a jikin ƙarfe a ga ko za ta yi tartsatsi. Mai yin haka har wani tsayawa yake yana kallon jama'a, kamar ya yi rufa-ido.

Abin dariyar shi ne motar da kanta ta daɗe da faɗa mana gaskiya. Akwai 'yar jar fitila a gaban direba mai hoton batir. Turawan da suka zana ta su suka fara ja wa batir bala'i, don ba maganarsa take yi ba, cewa take caji ya tsaya. Ta maƙwabcina ta fi wata uku tana kunnawa tana ɗaukewa. Da ta dame shi da daddare, sai ya manna mata sitika. Wani abokin aikinsa ya fi shi dabara, ya sa aka zare ƙwan gaba ɗaya. Bai san cewa a irin waɗannan tsofaffin motocin ta cikin wannan ɗan ƙwan ne wutar farko ke bi ta tashi altaneta daga barci ba. In babu shi, wata ba ta fara caji sai an taka totur sosai, wata ma ko an taka ba ta farawa. Wato ya kori mai gadi don yana yawan cewa ga ɓarawo, ashe makullin gidan ma a hannunsa yake.

Wanda ya raba gardamar wani yaro ne mai rewaya, ɗan ƙanwar dattijon nan mai 504, da ya yi koyo a Katsina ya dawo. Ya zo da 'yar mita mai wayoyi biyu, ja da baƙa, wadda kuɗinta bai kai kwatan na batir ba. Majalisa ta bi shi da kallon raini. Dattijo ya ce, "Mu da kunne muka yi aiki shekara talatin." Yaro ya ce, "Haka ne, Kawu, ni kunnen nawa ne bai nuna ba tukuna," ya duƙa ya ɗora wayoyinsa.

Abin da ya koya mana a tsaye bai fi ƙarfin kowa ba. Batir mai lafiya da ya kwana cike, kafin a tada mota, yana nuna 12.6. In ya nuna 12.2 ya sha rabi, in ya faɗo ƙasa da 12 yunwa ta ci shi. Da an tada inji ya kamata lamba ta hau, ta tsaya tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka, ko da an kunna manyan fitilu da fanka. In ta ƙi hawa, altaneta ba ta kawo komai. In ta haura 15 tana ta tafiya, katawut ya saki linzami. Aka sa batirin aro, aka tada Golf. Mita ta nuna 12.3. Aka kunna fitila, ta koma 12. Aka taka totur har kaji suka watse, ko gezau. Maƙwabcina ya ce ko mitar ce ba ta da lafiya. Yaro ya ɗauke ta ya ɗora kan motar da ke kusa, ta nuna 14.1. Ba wanda ya ƙara tari.

Ni abin da ya burge ni da yaron, bai yi saurin kwance altanetar ba. Ya fara danna fanbel da babban yatsa ya ji ko ya saki, domin bel ɗin da ya saki zamewa yake yi a kan fuli, shi ne wannan ƙarar "ƙiiii" da muke ji da safe muna cewa mota na gaisuwa. Ya duba kan batir, ya kankare farin garin da ya taru, ya kuma zare ƙusar da aka cusa don kan ya kama. Ya bi wayar da ta tashi daga altaneta zuwa batir, ya bi wadda ta haɗa inji da bodi. Ya ɓare sitika. Sai da duk waɗannan suka fita daga zargi sannan ya ce, "Yaya, ciki ne."

Cikin ma ba wani tashin hankali ba ne. Irin altanetar Bosch da ke kan waɗannan motocin, katawut da burushinta a haɗe suke, sukurori biyu ke riƙe da su a baya. Burushi wasu 'yan gawayi ne guda biyu da ke gogar zobe suna miƙa wuta ga abin da ke juyawa a ciki. Altaneta tana juyawa ninki biyu ko uku na gudun inji, ga ƙurar hunturu, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga baƙin mai na ɗiga mata daga sama, ga mai wankin mota na watsa mata ruwa tana da zafi. Dole gawayi ya cinye. Na Golf ɗin nan da aka zaro, ɗaya ya rage kamar ƙwayar dawa, ɗayan ma ya maƙale a raminsa. Yaro ya ɗora su a tafin hannu ya zagaya da su majalisa kamar goron ɗaurin aure. "Wannan ne ya ci batir huɗu," in ji shi. Mai shayi ya leƙa ya ce, "To ai shi ma bakin ne ya kama shi."

Tun da mita ta shigo unguwa asirai suka fara tonuwa. Akwai wani mai Sharon da ke taƙamar duk layin nan babu mai hasken fitilarsa. Gaskiya ne kuwa, sai dai duk mako biyu sai ya sayi ƙwai, cikin motarsa na warin ruɓaɓɓen ƙwan kaza, batirinsa ya kumbura kamar ya ci wake, kullum yana ƙara masa ruwa yana ƙafewa. Aka ɗora mita, ta haura 16. Katawut ya mutu a buɗe, dafa batirin ake yi. Shi wannan ya fi na maƙwabcina haɗari, domin iskar da batir ke fitarwa in yana tafasa tana kama wuta, tartsatsi ɗaya ya isa ya fashe a fuskar mutum.

Akwai kuma masu cire kan batir kowane dare, kamar masu ɗaure akuya a turke, don in suka bar shi a haɗe kafin asuba ya tsiyaye. Sau da yawa dayod ce ta ɓule. Guda shida ne manya a cikin altaneta, aikinsu su bar wuta ta fita kada ta dawo, kamar ƙofar da ke buɗewa gefe ɗaya. In ɗaya ta lalace sai wuta ta riƙa sulalewa baya mota na kwance. Mu ma kuwa muna kashe su, da haɗa batir a juye cikin duhu wajen taimakon juna, ja a kan baƙi. Wanda kuma tasa ke gurnani kamar injin markaɗe, boris ne, kuma in ya bari ya cije, bel zai tsinke a daji. A wasu motocin bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, ka ga ga rashin caji ga tafasar lagireto.

In abin ya wuce burushi, a nan ake wata sabuwar majalisar. Ɓangare ɗaya su ce a sayi sabuwa a kwali. Ɗaya ɓangaren su ce sabuwar kwali wata shida ce, gara 'yar Beljiyam, wadda ta gama wahala a Turai ta zo nan ta huta, a aika Ƙofar Ruwa a Kano a ɗauko. Na uku su ce a kai wa mai naɗi ya sake naɗa wayar, ai tagulla tagulla ce. Ni ina tare da 'yan Beljiyam, da sharaɗin a gwada ta a gabanka, a kuma duba lambar da ke jikinta. Akwai mai amfiya 70, akwai mai 90. Mutumin da ya ƙara fitilu huɗu a gaban mota, ya sa lasifika a but, fasinja shida kowa na cajin waya, in ya ɗauko ƙaramar don ta fi araha, ya sayi jakin da zai ɗora wa kayan raƙumi.

'Yan'uwanmu na ƙetare, Katsinawan Maraɗi, ba su fi mu ba ko kaɗan. Mu mu ce mota ta lalace, su su ce ta yi pan, mu ciniki da naira su da jika, amma turin iri ɗaya ne, kuma su ma batir suke zagi. Yawancin motocin nan ma ta wajensu suka biyo daga Kwatano kafin su zama namu. Lokaci ɗaya ne na san batir ya mutu da laifin da ba na altaneta ba a motoci da yawa: sa'ad da aka rufe boda a watan Agustan 2019. Ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Motoci suka yi ta kwanciya a ƙofar gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Batirin da aka bari ba caji wata da watanni ba ya dawowa yadda yake. Amma ko a nan ɗin ma, zaman banza ne ya kashe shi.

Mu koma kan Golf ɗin maƙwabcina: ɗaura sabon katawut bai ɗauki sa'a guda ba. Yaro ya fara cire baƙin kan batir kafin ya taɓa komai, domin babbar wayar bayan altaneta kullum da wuta a jikinta ko an zare makulli, sifana na taɓa ta da bodi sai tartsatsi. Ya sa sabon katawut, ya mayar da bel ya ja shi daidai, ba sako-sako ba, ba kuma kamar tsarkiyar baka ba, don wanda aka ja da yawa boris yake ci. Sannan ya hana a tada mota da mataccen batir. Ya ce a kai shi wajen masu caji ya kwana tukuna, domin altaneta an yi ta ne ta riƙa ciko, in aka bar mata randa wayam ta cika ita kaɗai, zafi take ɗauka ta ƙone. Washegari aka tada, mita ta nuna 14.2. Dattijo ya ce shi tun daga sautin injin ya ji haka.

Muna dariya ne, amma wanda ya san hanyar Jibiya a 'yan shekarun nan ya san ba wadda ake so magariba ta riski mutum a kanta bonet a buɗe ba ce. Daren da Golf ta mutu akwai mata biyu da jariri a ciki. Allah ya sa wani mai Kanta ya tsaya ya ja su. Tun daga ranar maƙwabcina ya daina manna sitika, har ya koma yi wa wasu wa'azi a tasha, kamar ba shi ne ya binne batir uku da ransu ba. Biyu daga cikinsu da aka kai caji sun tashi garau. Ɗaya yana ba matarsa hasken fitila a tsakar gida, ɗaya ya sayar wa mai cajin waya.

Nawa kuwa har yau bai dawo ba. Maƙwabcina ya ce ya ba mai Sharon ya riƙa kafin nasa ya huce, mai Sharon ya ce wani ɗan Magama ya karɓa zai je ya dawo. Duk wanda ya buɗe bonet ya ga baƙin batir mai ɗigon jan fenti a kusurwa, da igiyar roba a madadin marfi, nawa ne. A kawo shi wajen mai shayi kafin Lahadi, ba zan tambayi inda ya kwana ba.